Asali da Faifai: Sharhi a kan Faifan Beatles na Star-Club (Hambur, 1962)

1. Gabatarwa

A cikin wannan takarda za mu yi sharhi a kan faifai guda na ƙungiyar makaɗan nan ta Ingila mai suna Beatles, wato wanda aka fitar a shekarar 1977 da sunan Live! at the Star-Club in Hamburg, Germany, 1962. Faifan ba ya cikin waɗanda ƙungiyar ta shirya da hannunta. Hasali ma ta je kotu fiye da sau ɗaya don a hana sayar da shi. Duk da haka masu tara fayafai sun riƙe shi da daraja, suna cewa a cikinsa ne ake jin Beatles na asali, tun kafin manaja da kamfanin fayafai su gyara musu murya da tufafi. Wannan magana ce muke so mu auna. Za mu fara da taƙaitaccen tarihin kafuwar ƙungiyar, sannan mu duba yadda aka ɗauki sautin, da lokacin da aka ɗauke shi, da abin da kunne ke ji a ciki, da hannun da ya taɓa shi kafin ya iso kasuwa, daga ƙarshe mu taɓo batun mallaka. Ra'ayinmu shi ne faifan shaida ce mai nauyi ƙwarai, amma abin da yake shaida a kai ya bambanta da abin da aka sayar da shi a kansa.

2. Mafarin ƙungiyar

Tushen Beatles yana birnin Libaful, a wata ƙungiyar ƴan makaranta mai suna Quarrymen wadda John Lennon ya kafa tare da abokansa na makarantar Quarry Bank. Kiɗan da suka fara da shi shi ne wanda ake kira skiffle, kiɗan marasa hali, wanda ake yi da gita mai araha da allon wanki da akwatin shayi da aka ɗaura wa tsirkiya. Lonnie Donegan ne ya yaɗa shi a Ingila a 1956 da waƙar "Rock Island Line", wadda shi ma ya ɗauko daga bakin mawaƙin baƙaƙen Amurka Lead Belly. Ran 6 ga watan Yuli 1957, a wajen bikin cocin St Peter da ke unguwar Woolton, aka gabatar da Paul McCartney ga Lennon. George Harrison kuma ya shigo a 1958. A wannan shekara ta 1958 suka biya kuɗi a ɗakin ɗaukar sauti na Percy Phillips aka yanka musu faifai ƙwaya ɗaya tak mai waƙa biyu.

A watan Agusta 1960 Allan Williams ya kai su Hambur, a ƙasar Jamus, su biyar: Lennon, McCartney, Harrison, Stuart Sutcliffe da Pete Best mai ganga. Sun fara a mashayar Indra, suka koma Kaiserkeller, duka biyu na Bruno Koschmider, inda suke kiɗa awa huɗu zuwa shida a dare ga ma'aikatan jirgin ruwa da mashaya giya. A watan Nuwamba aka kori Harrison daga ƙasar saboda shekarunsa 17 ne kawai. Sun dawo a 1961 suka yi dare 92 a Top Ten, a lokacin ne kuma suka yi wa Tony Sheridan amshi a faifan "My Bonnie". A 1962 suka yi zuwa uku a Star-Club ta Manfred Weissleder: daga Afrilu zuwa Mayu, sannan Nuwamba, sannan daga 18 zuwa 31 ga Disamba.

Ya kamata mai karatu ya riƙe abubuwan da suka faru tsakanin zuwan farko da na ƙarshe, domin a kansu hujjarmu ta dogara. Brian Epstein ya gan su a Cavern a watan Nuwamba 1961, ya zama manajansu, ya raba su da rigunan fata ya sa musu kwat tun farkon 1962. Sutcliffe ya bar ƙungiyar a 1961, ya rasu a Afrilu 1962. A watan Yuni suka shiga hannun George Martin na kamfanin EMI. A watan Agusta aka sallami Best aka ɗauki Ringo Starr. Ran 5 ga Oktoba faifansu na farko, "Love Me Do", ya fito, ya kuma kai lamba 17 a jerin fayafan da aka fi saye a Ingila a ƙarshen Disamba.

3. Yadda aka ɗauki sautin

A cikin zuwan ƙarshe na Disamba 1962 ne Adrian Barber, mai kula da dandamalin Star-Club, ya ɗauki sautin da manyeto na gida ƙirar Grundig, da makirofo guda ɗaya da aka ajiye gaban dandamali, bisa roƙon Ted "Kingsize" Taylor, shugaban wata ƙungiyar Libaful da ke wasa a wurin. Taylor ya ce Lennon ya yarda da baki, a kan za a sayo musu giya. Ya kuma ce bayan Beatles sun yi suna ya kai wa Epstein zaren, shi kuwa ya taya fam 20 yana mai ganin ba shi da wani amfanin ciniki. Zaren ya yi shekaru a ajiye, har farkon shekarun 1970 lokacin da Williams ya shiga neman mai saye. A 1977 kamfanin Bellaphon ya fitar da shi a Jamus, Lingasong kuma a Ingila, a faifai biyu masu waƙa 26. Bugun Amurka ya cire waƙa huɗu ya maye gurbinsu da wasu huɗu, ta haka aka san waƙa 30 daga zaren.

4. Matsalar kwanan wata

Bayanin da aka rubuta a jikin kwalin faifan ya nuna cewa an ɗauki sautin a zuwan farko na 1962, wato kafin watan Yuni. Dalilin wannan a fili yake: in da an ɗauke shi kafin ƙungiyar ta shiga hannun EMI, to wannan kamfani ba shi da ta cewa. Sai dai faifan da kansa ya ƙaryata kwalinsa, kuma hanyar da ake bi a gane haka ita ce dai hanyar da muke bi wajen gano zamanin waƙar baka daga abin da ke cikinta.

Na farko, Ringo Starr ne ke buga ganga, alhali kuwa a watan Afrilu da Mayu Pete Best ne mai ganga. Na biyu, akwai waƙar "I Remember You" a cikin faifan, bisa salon Frank Ifield, wanda faifansa bai mamaye Ingila ba sai a tsakiyar 1962, bayan Beatles sun baro Hambur a ƙarshen Mayu. Haka nan "Twist and Shout" bisa salon Isley Brothers da "Sheila" ta Tommy Roe, duka sun yi tashe ne a rabin shekarar na biyu. Na uku, akwai "I Saw Her Standing There", wadda McCartney da Lennon suka kammala a ƙarshen 1962. Waɗannan shaidu, in aka haɗa su, ba su bar wata ƙofa ba.

Wannan gyara na wata bakwai ko takwas ya wuce gyaran kalanda kurum, domin ya sauya ma'anar faifan gaba ɗaya. Mutanen da muke ji a ciki sun riga sun sa kwat, suna da manaja, suna da faifai a kasuwa, sun kuma ɗauki na biyu, "Please Please Me", tun 26 ga Nuwamba. Masu tarihin ƙungiyar, ciki har da Mark Lewisohn a littafinsa Tune In na 2013, sun nuna cewa ba da son ransu suka yi wannan tafiya ba. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu tun da daɗewa ce ta ja su, a daidai lokacin da suke ganin ƙofa ta buɗe musu a gida. Saboda haka abin da zaren ya kama shi ne daren sallama na almajirai da suka riga suka sauke, suna ƙirga kwanakin komawa. Dararen Indra da Kaiserkeller da Top Ten, inda aka yi ainihin koyon, ba su ne ke cikin wannan faifai ba.

5. Abin da kunne ke ji

Duk wanda ya saurari faifan zai fara cin karo da munin sautinsa. Da yake makirofo ɗaya ne, ganga da gita sukan danne murya, a wasu waƙoƙin ma sai an kasa kunne kafin a gane mai rerawa. Ana jin surutun mashaya da ihunsu, da Lennon yana zolayar jama'a yana lanƙwasa kalmomin waƙa don wasa. A waƙa biyu ma ba Beatles ke rerawa ba: Horst Fascher, ɗaya daga cikin masu tafiyar da gidan, shi ya rera "Hallelujah I Love Her So", ɗan'uwansa Fred kuma, wanda ke raba abin sha, ya rera "Be-Bop-A-Lula".

To amma idan kunne ya saba, abubuwa uku sukan fito, kuma su ne a ganinmu darajar faifan.

Abu na farko shi ne sauri. Kusan kowace waƙa ana buga ta da gaggawar da ta fi ta mai ita, kamar yadda ake ji a "Roll Over Beethoven" da "Long Tall Sally", amma ƙungiyar ba ta watsewa. Ana shiga tare, ana fita tare. Wannan haɗin kai ba ya samuwa sai ga mutanen da suka yi ɗaruruwan darare suna kiɗa a gaban jama'ar da ba ta zo don sauraro ba. A nan gaskiyar masu cewa Hambur ce makarantarsu take, ko da yake Malcolm Gladwell a littafinsa Outliers na 2008 ya so ya mai da zancen lissafin awowi kawai. Ƙungiyoyin Libaful da dama sun yi irin waɗannan awowi a mashayan nan, ciki har da ta Taylor da kansa, ba su zama Beatles ba.

Abu na biyu shi ne faɗin abin da suke rerawa. Daga cikin waƙa 30, biyu kaɗai ne nasu: "I Saw Her Standing There" da "Ask Me Why". Sauran duk na aro ne. Akwai Chuck Berry da Little Richard da Ray Charles da Arthur Alexander, wato kiɗan baƙaƙen Amurka wanda shi ne ƙashin bayan faifan. Akwai Carl Perkins da Gene Vincent. Akwai kuma abin da ba a zata daga makaɗan rok, kamar "Your Feet's Too Big" ta Fats Waller, da "Bésame Mucho" ta Consuelo Velázquez ta ƙasar Meziko, da "Till There Was You" daga wasan kwaikwayon The Music Man, da "Falling in Love Again" wadda Marlene Dietrich ta yi suna da ita. Mai neman sanin inda McCartney ya samo irin karin da ya yi amfani da shi daga baya zai same shi a wannan kashi na ƙarshe fiye da a Chuck Berry. Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma ba ma musun cewa "Sweet Little Sixteen" ta fi daɗi a bakin Berry; amma faifan ya nuna mana yadda mai aro ke tara kayan gini daga gidaje dabam-dabam kafin ya tayar da nasa. Wanda ya kira wannan "asali" ya kamata ya faɗi asalin wane ne yake nufi.

Abu na uku shi ne damar kwatantawa. Ran 11 ga Fabrairu 1963, wato mako shida kacal bayan barinsu Hambur, suka ɗauki yawancin babban faifansu na farko, Please Please Me, a rana guda, a ɗakin EMI da ke Landan. "I Saw Her Standing There" da "A Taste of Honey" da "Twist and Shout" suna cikin fayafan biyu. Idan aka jera su gefe da gefe za a ga tsarin waƙoƙin ya riga ya zauna tun a Hambur. Abin da George Martin ya ƙara shi ne tsabtar sauti da daidaita murya da kiɗa. Wannan ya raunana zancen da ake yi cewa kamfani ya kashe wutar ƙungiyar, ya kuma raunana kishiyarsa, cewa Martin ne ya ƙera ta. Tazarar da ke tsakanin mashaya da ɗakin ɗaukar sauti ba ta kai yadda ɓangarorin biyu ke so ba.

6. Hannun mai gyara

Masu yabon faifan sukan ce ɗanye ne, ba a taɓa shi ba. Wannan ba daidai ba ne. Kafin a fitar da shi an kwashe sautin daga zaren asali zuwa na'ura mai layi 16, aka tace shi, aka raba shi biyu don ya yi kama da sitiriyo alhali makirofo ɗaya ya ɗauke shi. An sauya jerin waƙoƙin don su shiga fuska huɗu na faifai, an yanke wuraren da zare ya lalace, an kuma yi faci a inda waƙa ba ta cika ba. Bugu da ƙari, zaren ya ƙunshi wasanni fiye da ɗaya, amma faifan ya jera su kamar dare guda ne. A wasu bugu na baya har an saka "Hully Gully" da sunan Beatles, alhali ƙungiyar Cliff Bennett ce ta yi ta a wannan gida.

Abin lura a nan shi ne yadda munin sauti da kansa ya zama hujjar gaskiya a kunnen mai saye. Da ya ji ƙara da surutu sai ya sakankance cewa ba a yi masa dabara ba. A shekarar 1977 ɗin nan EMI ta fitar da The Beatles at the Hollywood Bowl, wasannin 1964 da 1965 da George Martin ya gyara, wanda kowa ya san an gyara shi domin an faɗa. Faifan Star-Club ma an gyara shi, sai dai an bar masa ƙurarsa, ƙurar kuwa ita ta hana mutane tambaya.

7. Wa ke da daren?

A 1977 Beatles sun nemi kotun Landan ta hana fitar da faifan, amma ba su yi nasara ba. Alƙali ya yi la'akari da cewa sun daɗe da sanin zaren yana yawo ba su ce komai ba. A 1988 Ingila ta yi sabuwar doka wadda ta ba mai wasa ƙwaƙƙwaran haƙƙi a kan ɗaukar wasansa. Da aka koma kotu a 1998 George Harrison ya tsaya ya ba da shaida, inda ya nuna cewa maganar da aka yi cikin maye, tsakanin mai ɗauka da waɗanda ake ɗauka, ba ciniki ba ce. Kotu ta ba su gaskiya, ta hana Lingasong sayarwa.

Muna ganin hukuncin 1998 daidai ne, kuma muna ganin da an bi son ran ƙungiyar tun farko da tarihi ya yi asarar shaidar da babu irinta. Waɗannan maganganu biyu duk gaskiya ne, ba kuma za a warware su da zaɓar ɗaya ba. Mai wasa yana da haƙƙin kada a sayar da daren da ya yi kiɗa a gajiye, ga mutanen da ke gabansa kawai. Mai nazari kuwa ya san cewa daga irin waɗannan darare ne ake gane yadda sana'a ta ginu. Su kansu masu haƙƙin sun koyi darasi daga kasuwar bayan fage wadda ta buɗe tun 1969 da faifan Bob Dylan mai suna Great White Wonder: a 1994 suka fitar da Live at the BBC, a 1995 Anthology 1, a Disamba 2013 kuma Bootleg Recordings 1963 mai sauti 59, wannan na ƙarshe domin dokar Tarayyar Turai ta tsawaita haƙƙi daga shekara 50 zuwa 70 ga abin da aka fitar kawai.

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce ga mu da ke nazarin adabin baka. Mafi yawan abin da muke dogara da shi na makaɗan Hausa, ko a rumbunan IRSH da CELHTO a Yamai, ko a gidajen rediyo, ko a kaset ɗin da ya bi hannu da hannu daga wurin biki, wani ne ya ajiye manyeto ya ɗauka. Tambayoyin da muka yi wa faifan Star-Club su ne ya wajaba mu yi wa kowane kaset: yaushe, a ina, a gaban wa, da yardar wa, kuma wa ya yanka ya jera kafin ya iso gare mu.

8. Darajar tarawa da darajar sauraro

Ya rage mu bambanta daraja iri biyu da ake yawan cuɗawa. Faifan 1958 na Percy Phillips ya daɗe a hannun John Lowe, mai buga piyano a ranar, har McCartney ya saye shi a 1981. Masu tara fayafai suna sa shi a sahun farko na tsada domin ƙwaya ɗaya ne. A 1994 EMI ta biya fam 78,500 a gwanjon Sotheby's don zaren da wani saurayi ya ɗauka na Quarrymen a ranar 6 ga Yuli 1957, amma ba ta saka shi a Anthology 1 ba saboda raunin sautinsa. Kuɗin nan na ranar ne da ƙarancin abin, ba na abin da kunne zai amfana ba. Faifan Star-Club akasin haka yake: an buga shi da yawa, a ƙasashe da yawa, da kwali iri-iri, don haka ba shi da wuyar samu a hannun masu tsofaffin fayafai, nauyinsa yana cikin abin da ke kansa. Mai tara faifai yana biyan kusanci da mafari, mai nazari kuwa yana neman abin da za a iya aunawa. Inda buƙatun biyu suka haɗu, kamar yadda muka gani a batun kwanan wata, buƙatar kasuwa ce ke saurin lanƙwasa gaskiya.

9. Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu iya cewa faifan Star-Club, a matsayin aikin fasaha, bai kai ko kusa da Please Please Me ba, kuma ba ma ganin laifin waɗanda suka yi shi da suka ƙi jinin a sayar da shi. A matsayin shaida kuwa, shi ne mafi tsawon sautin da aka fitar na Beatles suna kiɗa a mashaya kafin ihun ƴan kallo na 1963 ya rufe komai, kuma da babu gara ba daɗi. Sharaɗin amfani da shi shi ne a mayar masa da kwanan watansa na gaskiya, Disamba 1962, a tuna cewa an yanka an jera, a kuma karanta jerin waƙoƙinsa a matsayin lissafin bashin da samarin Libaful huɗu suka ci daga Chuck Berry da Little Richard da Ray Charles da sauransu. Tun da na'urar da ta raba muryar Lennon daga piyano a waƙar "Now and Then" ta 2023 ta samu, ana iya tace irin wannan zare har ya yi fes. In an yi haka za a ji kiɗan da kyau, amma ya kamata a ajiye zaren asali kusa, domin surutun mashaya da muryar Fascher suna cikin abin da ya faru a daren.